Kafin ka sayi na'urar saiti mai jan ɗigo, je a duba maka ido



Makonni biyu da suka wuce wata muhawara ta ɓarke a zaurenmu na WhatsApp, aka kwana biyu ana yi, kuma abin mamaki ba a kan siyasa ko kuɗin wata-wata ba. Wani ɗan uwanmu ne da ya tashi a nan unguwa, yanzu yana zaune a Amurka, ya kawo ƙorafi. Ya shiga wata ƙungiyar masu wasan harbi a can, ya sayi na'urar saiti ta zamani, irin wadda ake ɗaurawa a kan bindiga raifil, mai nuna ɗan jan ɗigo a cikin gilashi. Da ya leƙa, maimakon ɗigo ɗaya zagayayye, sai ya ga wani abu kamar tauraruwa mai wutsiya. Ya mayar wa mai shagon, ya ce jabu aka sayar masa. Ya ƙara kuɗi ya karɓi wata da ta ninka ta farko tsada. Ita ma wutsiyar ta nuna masa. Shi ne ya zo yana tambayarmu, musamman tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ke cikinmu, wai wane kamfani ne ba ya ha'inci.

An ba shi amsoshi iri-iri. Wani ya ce ya nemi ta Jamus, wani ya ce duk kayan yanzu na China ne, wani kuma ya ce ya koma saitin ƙarfe irin na da ya huta. Mutum ɗaya ne kawai, wani dattijonmu da ya yi aikin jinya har ya yi ritaya, ya tambaye shi: "Ɗana, yaushe rabonka da gwajin ido?" Shekara shida. Tabarau ɗin da ke fuskarsa tun na Legas ne, kafin ya tafi.

Mu a nan muna tare da wannan dattijo, kuma dalilin rubutun nan ke nan. Duk mai sa tabarau da ke tunanin sayen irin wannan na'ura, kuɗinsa na farko na likitan ido ne. Sai an san halin da idon ke ciki sannan maganar wace na'ura za a zaɓa take da ma'ana.

Mun san wasu za su ce me ya kawo zancen bindiga shafin ƙungiya. Gaskiya ne mafi yawanmu 'yan kasuwa ne, ba mu taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba ma kiran kowa ya riƙe. Amma a cikinmu akwai 'ya'yanmu da ke aikin soja da ɗan sanda da sibil difens, akwai mafarauta masu lasisi, akwai kuma 'yan uwa a ƙasashen waje inda harbi wasa ne kamar ƙwallo. Kuma ba mu muka fara haɗa ido da bindiga ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ake aiki da ita tun 1959, ta raba bindigogi gida uku: makaman yaƙi, da suka haɗa da raifil irin ta soja da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigogin farauta da na wasa har da bindigar iska, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba lasisinsu, sai bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki, wadda izininta ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A cikin mutanen da dokar ta ce kada a ba lasisi akwai wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Akwai kuma wanda raunin ganinsa ya sa bai cancanci riƙe bindigar ba. Tun kafin a ba mu 'yancin kai aka rubuta wannan, amma mu nawa ne muka san da shi?

Bari mu fara da bayanin ita na'urar, domin finafinai sun rikita mutane. Jan ɗigon da kake gani yana yawo a ƙirjin mutum a fim, wannan hasken leza ne, wani abu ne daban. Ita na'urar da muke magana ba ta jefa komai a jikin abin da ake aunawa. Wata 'yar fitila ce ƙarama a cikinta take haska gilashi mai ɗan lanƙwasa, wanda aka shafa wa sinadarin da ke dawo da jan haske, sauran hasken kuma ya wuce. Hasken da ya dawo yana shiga idon maharbi a miƙe, tamkar daga can nesa ya taso. Shi ya sa ido yake ganin ɗigon kamar yana zaune a kan abin da ake aunawa, alhali babu mai ganinsa sai wanda ke leƙe. Dabarar tsohuwa ce. Wani maƙerin madubin hangen taurari a birnin Dublin mai suna Howard Grubb ne ya fito da ita a 1900. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya sa mata fitilar lantarki ya kai ta kasuwa a 1975, kuma daga 1997, lokacin da rundunar sojan Amurka ta ba shi kwangila, ta bazu ko'ina.

Ga mai sa tabarau, wannan na'ura alheri ce, ba ma musun haka. Saitin ƙarfe na gargajiya yana tilasta wa ido ya kula da abu uku a nisa daban-daban: tsagar da ke kusa da fuska, tsinin da ke bakin bindiga, da abin harbin can gaba. Idon saurayi yana iya tsalle tsakaninsu. Da mutum ya haura arba'in, ƙwayar ido ta fara taurara, sai tsinin ya koma dishi-dishi, ko kuma in ya ga tsinin abin harbin ya ɓace. Jan ɗigo ya kawar da wannan wahala, domin ɗigon da abin harbin a nisa ɗaya ido yake ganinsu. Sannan ba ta da ƙa'idar cewa sai ka manna ido kusa da ita. Ko ka matsa ko ka ja baya, ɗigon yana nan, don haka babu fargabar bindiga ta yi naushin baya ta haɗa na'urar da tabarau. Ana kuma harbi da ido biyu a buɗe, mutum yana ganin abin da ke gefensa.

To ina matsalar take? Tunda ɗigon haske ne ƙarami mai ƙarfi, shi ne abin da ya fi komai tona asirin ido. Gaban ido, wato wannan fata mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, kamata ya yi ya zama zagayayye ta ko'ina kamar bayan ƙwarya. A wurin mutane da yawa ya fi kama da bayan cokali, ya fi lanƙwasa ta wani ɓangare. Likitoci suna kiran wannan astigmatizim. Irin wannan ido ba ya tara haske wuri ɗaya, sai ya ja shi ya zama layi, ko waƙafi, ko tarin ɗige-ɗige kamar nonon inabi. Mutum zai iya rayuwa da shi shekara da shekaru bai sani ba, sai dai in yana tuƙin dare ya ga fitilun motoci suna fitar da tsinke-tsinke. Wanda ya saba ganin haka a titin Ikorodu ko hanyar Ibadan da daddare, to ya san abin da zai gani in ya leƙa jan ɗigo.

Ana iya rarrabewa tsakanin laifin ido da laifin na'ura cikin minti biyar, ba tare da an biya ko sisi ba. Ka kunna ta, ka riƙe a hannu kana leƙe, sannan ka juya ta a hankali kamar kana buɗe murfin kwalba. In wutsiyar ta juya tare da na'urar, na'urar ce ke da matsala. In ta tsaya inda take, a idonka take. Ka ɗauki hoton ɗigon da wayarka bayan ka rage haskensa, ka ga yadda ya fito. Ka huda 'yar takarda da allura ka leƙa ta ƙofar, in ɗigon ya dawo zagayayye, ido ne. Ko kuma mafi sauƙi, ka miƙa wa yaro ya leƙa ya zana maka abin da ya gani. Ɗan uwan namu ya yi gwajin juyawar a daren da aka faɗa masa. Ya dawo zaure ya rubuta kalma ɗaya: "Ikon Allah."

Yanzu sai maganar tabarau ɗin kansa, kuma a nan ne muke so mu daɗe, domin a nan mutanenmu suka fi yin kuskure.

Da yawa daga cikin dattijanmu, abin da suke kira tabarau shi ne na karatu da ake saye a tire a bakin masallaci ko a tasha, a gwada wannan a gwada wancan har rubutun waya ya fito. Wannan yana da amfaninsa, amma an yi shi ne don abin da ke nisan kamu ɗaya ko biyu daga fuska. In ka sa shi ka leƙa jan ɗigo, ɗigon zai kumbura, abin harbin ma ya dushe, domin dukansu a nesa ido yake ɗaukarsu. Abin da ake bukata shi ne tabarau na ganin nesa, wanda aka yanka bisa gwaji. Wanda aka taɓa yi wa gwaji ya duba takardarsa. Zai ga SPH, wannan ƙarfin gilashin ne na ganin nesa ko kusa. Zai ga CYL da AXIS, waɗannan su ne na astigmatizim: na farko yawansa, na biyu kuma kusurwar da yake kwance, daga digiri 1 zuwa 180. In akwai lamba a ƙarƙashin CYL a takardarka amma ka je ka sayi na tire, ba a gyara maka komai ba ta wannan fuska. In kuma mai haɗa gilashin ya kauce wa kusurwar da aka rubuta, wutsiyar ba za ta tafi ba, sai dai ta sauya wajen da take fuskanta.

Sai masu tabarau mai hawa biyu, da kuma na zamani wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba. Wannan na biyun yana da daɗi a ofis da kasuwa, amma gefunansa na dama da hagu suna murɗa hoto, haka aka ƙera shi. Ka lura da yadda mutum yake riƙe raifil: yana kwantar da kunci a gindin bindiga, kai ya sunkuya ya ɗan karkace. A wannan yanayi ba ta tsakiyar gilashin yake kallo ba, ta kusurwar sama ce kusa da karan hanci, wani lokaci ma ta saman firam ɗin gaba ɗaya. Mutum yana tsaye a shago ya leƙa ya ga ɗigo tsaf, ya je fili ya kwantar da kunci ya ga ya tarwatse. Maganin wannan biyu ne. Na farko, a yi tabarau na daban mai ƙarfi ɗaya na ganin nesa, mai faɗin gilashi, wanda ke zama sama a kan hanci, kuma a faɗa wa likitan abin da za a yi da shi. Kada a ji kunya, a nuna masa yadda ake karkata kai. Na biyu, a zaɓi mazaunin na'urar mai ɗan tsawo. Waɗanda ake sayarwa don raifil na zamani suna kamawa daga kimanin milimita 36 zuwa 49, kuma mai tsawon yana barin kai a miƙe, ido ya koma kusa da tsakiyar gilashi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a kula da su. Tabarau da ya sha gogewa da bakin riga a lokacin hunturu yana cike da ƙananan zane-zane, kowane ɗaya yana watsa haske. Wanda ke baƙi da kansa in an shiga rana yana ɗaukar lokaci kafin ya washe in an shiga inuwar daji. Wasu baƙaƙen tabarau masu yanke ƙyallin ruwa da kwalta suna rage hasken ɗigon a wasu na'urori, don haka a gwada su tare. Mu da ke kudu kuma mun san yadda gumi da laima ke sa gilashi ya yi hazo cikin daƙiƙa kaɗan. Sannan, kuma wannan ba ƙarami ba ne, tabarau na yau da kullum ba garkuwa ba ne. Kwankon harsashi mai zafi ko ɓarɓashin ƙarfe na iya dawowa fuska. Gilashi na ainihi yana tarwatsewa. A nemi wanda aka yi da roba mai tauri da ake kira folikabonet, in da hali mai tambarin Z87 na Amurka ko EN 166 na Turai.

Sai bayan duk wannan ne za a zo kan zaɓen na'ura, kuma za ka ga abin ya yi sauƙi.

Girman ɗigo ana auna shi da MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri. MOA ɗaya yana rufe kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Ke nan ɗigo mai MOA 2 yana rufe kusan santimita 6, mai MOA 4 kusan 12, mai MOA 6 kuma ya haura 17. Masu raifil sun fi son mai 2 saboda ba ya ɓoye abin harbi. Amma ga mai astigmatizim lissafin ba ya tafiya haka kai tsaye. Ƙaramin ɗigo sai an ƙara masa haske kafin a gan shi da rana, ƙarin hasken kuma shi ke tsawaita wutsiya. Wasu sun fi samun sauƙi da ɗigo mai ɗan girma da aka rage wa haske. Shi ya sa muke ganin abin da ya fi girman ɗigo muhimmanci shi ne na'urar ta kasance da matakan haske masu yawa da ake sauyawa da hannu. Mafi yawan masu ƙorafi sun murɗa hasken ne har ƙarshe a cikin ɗaki. Ƙa'idar ita ce a rage shi har ya kusa ɓacewa, sannan a ƙara mataki ɗaya. A kuma daina ƙura wa ɗigon ido. Abin harbin ake kallo, ɗigon ya hau kansa.

Launi ma ana gardama a kai. Idon ɗan Adam da rana ya fi jin kore, shi ya sa koren ɗigo yake fitowa da ƙaramin haske. Amma wane ne zai fi fitowa tsaf ya danganta da idon. Wanda aka taɓa yi wa gwaji zai tuna allon nan rabi ja rabi kore da likita ke tambaya wanne ya fi fitowa. Idon da ke da ragowar raunin ganin nesa ya fi ganin ja tsaf, wanda ya karkata ɗaya ɓangaren kuma ya fi ganin kore. Akwai kuma maza da ke da matsalar bambance launi, waɗanda ja ke yi musu duhu ba su sani ba. Mafaraucin kurmi ya tuna cewa koren ɗigo a kan koren ganye yana iya sajewa.

Za ka ji ana cewa na'urar holografi, irin ta kamfanin EOTech na Amurka da ta fito a 1996, ita ce maganin astigmatizim. Mu ba mu yarda da wannan magana a dunƙule ba. Tana aiki da leza a ciki, tana nuna zobe mai faɗin MOA 68 da ɗan ɗigo mai MOA 1 a tsakiya. Wasu masu matsalar ido sun ce sun fi ganinta da kyau, wasu kuma sun ce zoben yana yi musu kamar an yayyafa yashi. Har yanzu haske ne ake jefawa cikin ido, kuma idon bai sauya ba. Ga cin batir: tana yin kusan awa 1,000, alhali Aimpoint Micro T-2 kamfaninta ya ce tana kai awa 50,000 da batir guda ɗaya irin na agogo, wato sama da shekara biyar a kunne.

Wadda muke ganin ta fi dacewa da wanda tabarau ya kasa share masa wutsiya ita ce mai firizim. Ita alamar saitinta an zana ta ne a jikin gilashi, baƙa, kamar rubutu. Ko batir ya mutu tana nan, kuma tunda ba haske ba ce, ba ta tarwatsewa kamar ɗigo. Yawancinsu suna da zobe a baya da ake murɗawa har alamar ta fito daidai da idon mai ita, kuma akwai waɗanda ba sa ƙara girman hoto ko kaɗan, irin na kamfanonin Primary Arms da Vortex. Amma a san abu biyu. Wannan zoben yana gyara raunin nesa ko kusa ne kawai, ba ya taɓa astigmatizim, don haka ba ya maye gurbin tabarau. Kuma mai firizim tana da iyakar nisan da ido zai tsaya. Shahararriyar nan ACOG mai ninka hoto sau 4, wadda sojojin Amurka suka yi yaƙin Iraƙi da ita, tazararta ba ta kai santimita 4 ba. Mai tabarau ya yi tunanin abin da zai faru da fuskarsa in bindiga ta yi naushi a wannan kusanci. Dole a tambayi wannan tazara kafin a biya.

Abu na ƙarshe a kan na'ura: akwai masu buɗaɗɗen baya, inda fitilar take a fili, akwai masu kama da bututu da aka rufe gaba da baya. Ɗigon ruwan sama ɗaya ko ƙurar hunturu a kan fitilar buɗaɗɗiyar yana fasa ɗigon gida goma, mutum ya zaci idonsa ne ya ƙara lalacewa. A ƙasa irin tamu rufaffiya ta fi. Jabu kuma sun cika intanet, da sunan manyan kamfanoni a jikinsu, alhali don bindigar wasan yara aka yi su. Harbi kaɗan saitinsu ya goce, harsashi ya tafi inda ba a nufa ba.

Duk wannan bayanin kayan aiki ne. Abin da ya fi damunmu shi ne wani tunani da muka ji a muhawarar, cewa in kana da jan ɗigo ba ka bukatar tabarau, tunda "ɗora ɗigo kawai za ka yi ka ja kunama". Wannan magana tana da haɗari. Jan ɗigo ba ya ƙara girman komai, ba ya ƙara hasken komai. Yana faɗa maka inda harsashi zai je ne kawai. Ba ya faɗa maka ko abin da ke motsi a bayan ciyawar can gada ce, ko akuyar wani ce, ko yaro ne ya sunkuya yana ɗiban itace. Wannan aikin ido ne shi kaɗai. Hasali ma na'urar tana sa harbi ya yi sauri ya kuma yi daidai, don haka mai raunin gani da ya ɗaura ta ya fi yadda yake a da haɗari: da can yana iya kuskure abin da bai gane ba, yanzu zai same shi. Kuma lokacin da mafarauta suka fi fita, wato asuba da almuru, shi ne lokacin da ƙofar ido ke buɗewa sosai, duk wani aibin da ke cikinsa ya fito fili.

Wani ya ce kakanninmu sun yi farauta ba tabarau. Haka ne. Amma da kwari da baka ko bindigar toka suka yi, a nisan da za ka iya jifa da dutse, kuma in idon maharbi ya raunana yakan ajiye ya bar wa 'ya'yansa. Raifil tana kai harsashi inda ko mai lafiyar ido ba ya bambance mutum da kututture.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan kunyar sa tabarau. Har yanzu a cikinmu akwai masu ganin na tsofaffi ne ko na 'yan boko masu iyayi, akwai masu cewa yana ƙara kashe ido. Ba ya kashewa. Abin da ke faruwa shi ne in ka saba gani tsaf, sai ka gane yadda kake a da. Mun san akwai matasanmu masu kaki da ke ɓoye matsalar ido don tsoron kada ta shafi aikinsu. Mun fahimci tsoron, aiki ya yi wuya a ƙasar nan. Amma wanda aka ba bindiga aka tsayar a shingen bincike da daddare, yana ganin fitilar kowace mota kamar fashewar tauraro, rayukan mutane ne a hannunsa har da nasa. Su ba su ke zaɓen kayan aikinsu ba, abin da hukuma ta ba su shi za su riƙe, amma zuwa asibitin rundunarsu a duba musu ido yana hannunsu.

Kuma gwajin yana iya tono abin da ya fi harbi muhimmanci. Ɗigon da ya rabu biyu a ido ɗaya na iya zama farkon yanar ido. Ganin da ke sauyawa daga mako zuwa mako na iya zama alamar ciwon suga. Naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci yana hawa baƙin ido, wanda ya yi yawa a tsakanin masu yini a rana da ƙura irin 'yan acaɓa da masu ɗaukar kaya, shi ma yana jan gaban ido ya haifar da astigmatizim. Hawan jinin ido kuwa yana cin ganin gefe a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma sai an auna ake ganewa. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba a tsakiyar mutanenmu, UCH yana Ibadan ba nisa da Sabo, wanda ya je gida kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kuɗin gwaji da sabon tabarau bai kama ƙafar kuɗin na'ura ta ƙwarai ba, wadda ake sayarwa ɗaruruwan daloli.

Ga 'yan uwa da ke nan gida akwai ƙarin jan kunne. Ba mu manta da Uromi ba, inda a ƙarshen watan Maris na 2025 aka yi wa mafarauta 16 kisan gilla a jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano hutun Sallah, bayan an ga bindigogin farauta na gargajiya a motar da suka shiga. Babu abin da zai halatta wannan ta'asa. Amma a kan waɗannan hanyoyi muke tafiya, kuma na'urar saiti a cikin jaka, a idon wanda bai sani ba, kayan yaƙi ce. Wanda ba shi da lasisin bindigar da za a ɗaura ta a kai, ba shi da abin yi da ita. Kada a yi odarta ta intanet don sha'awa, kada kuma a karɓi saƙonta a kai wa wani. Mai lasisi ya tambayi ofishin da ya ba shi lasisin kafin ya ƙara wa bindigarsa komai, ya kuma riƙa tafiya da takardunsa.

Shi dai ɗan uwan namu ya je an gwada shi. An samu astigmatizim a idonsa na dama ya ƙaru sosai a kan abin da ke tsohuwar takardarsa, aka yanka masa sabon tabarau mai ƙarfi ɗaya. Ya ce da rana yanzu ɗigon zagayayye ne, da yamma kuma akwai ɗan guntun jela da ya rage, wanda yake ɓacewa in ya rage haske mataki biyu. Ya koma fili ya sake daidaita saitin da sabon tabarau a fuskarsa, tunda da can tsakiyar wutsiya yake aunawa da shi. Na'urar mai tsada ya mayar, ya sake sayen irin ta farko da ya kira jabu, ya kuma ce ya ba mai shagon haƙuri.